Inabin Inna da Almakashin Baba Anton

Tun da na dawo daga Jamus ban huta da tambaya ba. A ofis a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni, ranar kasuwar Batsari kuwa sai in yi awa guda tsakanin 'yan hatsi da rumfar mahauta ban sayi ko albasa ba. Duk tambayar ɗaya ce, sai dai kowa da yadda yake naɗe ta. Abokina Mamman mahauci ne kaɗai ba ya naɗewa: "Kabiru, tsakaninka da Allah, ka kurɓa ko ba ka kurɓa ba?" Na gaji da rantsuwa, shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi tun daga farko. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Ni malamin gona ne, shekara ashirin da huɗu ina wannan aiki tsakanin Batsari da Safana. Gero, dawa, gyaɗa, wake, babu wanda zai ɗaga mini murya a kansu. Amma a gidanmu na Karare akwai abin da ya fi ƙarfina, itacen inabi guda ɗaya tak. Marigayi Babanmu ne ya zo da shi daga Zariya yana ɗan sanda, ya dasa kusa da inda Inna take alwala, shekara guda kafin rasuwarsa. Shekara tara ke nan. Ya haye rumfa, ya rufe rabin tsakar gida, ganye kore shar ko da tsakiyar rani, amma ko ƙwaya ɗaya bai taɓa yi ba. Inna tana zuba masa ruwan alwala sau biyar a rana, tana tara masa kashin awaki, kuma ta kafa doka cewa ƙarfe ba ya taɓa shi. Na daɗe ina zargin aski yake so, amma a makaranta shafi ɗaya aka yi mana a kan inabi, ban san inda ake yanka ba. In na kashe itacen Baba da hannuna, ina zan sa kaina?

Bara 'yan'uwanmu na wani ƙauye a ƙasar Safana suka taso saboda rashin tsaro, gida ya cika maƙil. Yayana Lawal, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya fara auna wurin inabin da ido.

"Inna, itacen da ba ya ɗiya mi amfaninshi? Mutane na kwana a zaure, ga wurin ɗaki guda ya tare."

Inna ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne, ko maganarsa ba ta cika amsawa kai tsaye ba. Ni ta kalla, ni da nake da furfura amma har gobe Auta take ce mini.

"Auta, hwaɗa mashi, ranar da gatari ya shigo gidan ga, ni za ya fara sara."

Da muka fita waje Yaya ya ce mini shi ba mugu ba ne, amma ya ba ni zuwa faɗuwar damina. In bai ga alamar 'ya'ya ba zai sare, Inna ta yi fushinta ta huce. Ya ƙara da cewa, "Kai ne malamin gona. Ko ko na gonar mutane ne kawai?" Wannan magana ta yi mini ciwo, don gaskiya ce.

Ana cikin haka wata ƙungiya da muke aikin lambun cikin gida da ita ta ce za ta kai mutum shida Jamus, horon mako biyu a kan itatuwan marmari, har da kwana biyar a gidan manomi. A takardar aka tambayi itacen da mutum yake so ya koya. Abokan aikina suka rubuta mangwaro da lemo, ni na rubuta inabi. Allah da ikonsa sunana ya fito.

Na bar Karare a bayan babur, jaka a cinya. Daga Batsari bas zuwa Katsina, daga nan Abuja, wadda sai da na taka ta sau biyu kafin biza ta fito. Matata Hauwa ta daka mini yaji da ƙuli-ƙuli, ta sayo mini wata katuwar rigar sanyi a gwanjo wadda hannunta ya wuce yatsuna. Mamman ya naɗo mini kilishi cikin takardar siminti, ya ce in ci in tuna da shi. Inna kuwa albarka ta sa mini, ta ce kada in ci abin da ban san sunansa ba. Ba ta san dalilin tafiyar ba, don ban gaya mata ba.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wani ɗan kasuwa Ibo haifaffen Funtuwa, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Shi ya ɗaura mini bel, shi ya tambayar mini wane abinci ne babu naman alade. Da jirgi ya fara rawa a cikin gajimare na kama salati da ƙarfi, ya dafa ni ya ce, "Malam, ci gaba, har da ni a ciki."

A filin jirginsu aka buga mini fasfo ba wata wahala. Ina murna na wuce, sai ga wani kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gaban jakata kamar an aiko shi. Ni da kare ba ma shiri, na ja baya ina tattare riga. Ma'aikacin da ke riƙe da shi ya buɗe jakar, ya zaro kilishin Mamman, ya shinshina, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu ko busasshe ne. Na ce ai wannan ba nama ba ne, kilishi ne. Bai gane bambancin ba, ni ma da na sake tunani ban ga bambancin ba. Cikin ladabi ya jefa shi a kwandon shara ina kallo. Yaji da ƙuli-ƙuli suka tsira. Mamman, ka ji inda kilishinka ya kwana, ka daina cewa na ci ni kaɗai.

Makon farko a aji muka yi shi, ba abin da zan ba ku labari sai sanyi. Watan Fabrairu ne, sanyin da ke shiga haƙori. Mako na biyu aka ba kowa tikitin jirgin ƙasa da sunan tashar da zai sauka. Na zauna ina ƙirga tashoshi, tawa ta zo, na tashi na tsaya a bakin ƙofa ina jira a buɗe. Ba wanda ya buɗe. Jirgi ya ja, ina kallon sunan garin yana wucewa. Ashe wani ɗan maɓalli ake dannawa, ni kuwa ina jiran kwandasta. Na ce innalillahi da ƙarfi. Wani dattijo mai gashin baki da ke zaune kusa ya ɗago kai ya yi mini sallama. Baturke ne, shekara talatin yana gasa burodi a ƙasar. Ya sauka tare da ni a tasha ta gaba alhali ba nan za shi ba, ya kira masu masaukina da wayarsa, ya tsaya cikin sanyin nan har jirgin komawa ya zo, ya nuna mini maɓallin sau biyu yana dariya. Ko sunansa ban tambaya ba, kuma har yau abin yana damuna.

Wadda ta zo ɗaukata mace ce mai kimanin shekara arba'in, sunanta Katrin, 'yar mai gonar, ita ke jin Turanci a gidan. Muna tafe a mota cikin wani kwari, kogi a ƙasa, tuddai dama da hagu, sai na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi fiye da na garin. Tun daga gindin tudu har ƙololuwa layi-layi ne na itatuwa baƙaƙe, busassu, ko ganye ɗaya babu. Na tambaye ta ko nasu na ciki, ta ce duk wancan gefen nasu ne, ta faɗa hankalinta kwance. Na ce a raina wannan baiwar Allah akwai tawakkali. Na taɓa ganin gonar da fari ya cinye a Yasore, na san yadda mai ita yake ji.

Mahaifinta, tsoho ɗan shekara saba'in da wani abu, yana tsaye a ƙofar gida. Sunansa Anton, ni dai Baba Anton na riƙa ce masa. A wurinmu ba ka zama a gidan wanda ya yi asara ba ka jajanta masa ba. Don haka ko jaka ban ajiye ba na kama hannunsa da hannu biyu, na rusuna, na ce wa Katrin ta fassara. Na ce na ga abin da ya sami gona, Allah ya mayar da alheri, Allah ya sa iyakar wahalar ke nan, noma dama haka ya gada. Katrin ta tsaya tana kallona, sannan ta fassara a hankali. Tsohon nan sai ya fashe da dariya har da tari, yana riƙe da ƙyaure.

"Ya ce a gaya maka barci suke yi," in ji Katrin. "Kowace shekara haka suke. Amma ya ce tun da yake ba wanda ya taɓa yi masa jajen hunturu, ya gode."

Kunya ta kama ni, malamin gona guda. Amma daga wannan lokaci tsohon ya ɗauke ni kamar ɗan gida.

Ɗakin bene suka ba ni, gado da wani bargo mai kauri cike da gashin tsuntsu. Banɗaki tsaf amma ba buta. Na ga wata 'yar butar ban ruwan furanni a taga na ɗauke, kwana biyu Katrin tana nemanta, da ta gano inda take sai ta sayo wata, ta bar mini waccan. Abincin rana suna dafawa, dankali da miyar kabewa ko kifi saboda ni. Da yamma kuwa burodi ne mai sanyi da cuku, a ci a tashi. A Karare in ka ba baƙo burodi da daddare sai a ce matarka ta yi yaji. Na fito da yajin Hauwa ina barbaɗawa, Baba Anton ya miƙo nasa burodin, na zuba masa kaɗan. Ya ci, fuskarsa ta yi ja, hawaye suka zubo, ya miƙo wani yankan.

A yammacin farko suka ce in zo in ga inda aikin shekara yake ƙarewa. Muka sauka wani ɗaki a ƙarƙashin gidan, mai sanyi da duhu, gangunan katako a jere. Warin kaɗai ya gaya mini inda nake. Ni da na rubuta inabi a takarda, inabin ci nake nufi, irin wanda ake sayarwa a tire a Katsina. Ashe duk tuddan nan ba a cin ko ƙwaya ɗaya, jar giya ake yi da su. Katrin ta tsiyayo kaɗan a kofin gilashi ta ɗaga wajen fitila, launinta kamar zoɓon da aka yawaita wa ruwa. Ta ce a ƙasashe masu zafi giyar takan yi duhu da nauyi, tasu kuwa ba ta yi, don ranarsu kaɗan ce, inabin yana nuna a hankali, yana riƙe ɗan tsaminsa da ƙamshinsa, kuma abin da masu saye suke nema ke nan. Shi ya sa suke shuka a jikin tudu mai kallon kudu, suna barin baƙaƙen duwatsu a gindin itacen don su riƙe ɗumi, har ganye suke cirewa don rana ta taɓa 'ya'yan. Mu muna gudun rana, su suna farautarta. Na ga kuma in suna ɗanɗanawa kurɓa suke su tofar, na ce to wannan wahala da me ta yi kama.

Baba Anton ya nuna mini wata tsohuwar kwalba mai ƙura, ta shekarar da aka haifi Katrin, ya ce irinta ake buɗe wa babban baƙo. Na dafa ƙirji na ce na gode, addinina ya hana. Bai ja maganar ba. Ya hau sama ya kawo mini ruwan inabi zalla wanda ba a bari ya yi tsami ba, irin wanda jikokinsa ke sha. Sai da na sa Katrin ta tabbatar mini sau biyu kafin na kai baki. To Mamman, ga amsarka.

Washegari aka ba ni almakashin aski mai jan hannu, muka hau tudu. Ina kallon Baba Anton yana aiki: itace mai rassa goma sha, ya datse duka ya bar ɗaya ko biyu, ya wuce na gaba ko waiwaye babu. Abin da na zo nema ke nan, ga shi a gabana. Amma tun daren jiya zuciyata take ƙaiƙayi. Kallo daban, sa hannu daban. Duk reshen da na gyara a nan, 'ya'yansa ganga za su. Ni ba malamin addini ba ne, ban ce ga hukunci ba, amma hannuna ya ƙi. Na tsaya da almakashi a hannu kamar gunki, har Katrin ta lura. Na gaya mata gaskiya.

Ranta ya ɓaci, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce an turo musu ni ne don in yi aiki in koya, ba wanda ya ce in sha, kuma aski ba a koyonsa da ido. In ba zan iya ba sai ta kira ƙungiya a canza mini wuri, ga masu tuffa can a wani gari. Na ji kamar in nutse. In aka kai ni wurin tuffa, me zan kawo wa Inna? Na yi tafiyar nan duka in koma da labarin kare da maɓalli? Baba Anton ya tambaye ta abin da ake ciki, ta faɗa masa. Ya kalle ni, ya ci gaba da askinsa har muka sauko cin abinci.

Bayan mun ci ya yafuto ni, ya ce Katrin ta biyo mu. Muka zaga bayan gida. A jikin bango akwai wani tsohon itacen inabi, kaurinsa ya kai damtsena, ya miƙa hannu biyu dama da hagu a ƙarƙashin tagar kicin. Ya yi magana a hankali, Katrin tana fassarawa, muryarta ta canza.

"Ya ce wannan na mahaifiyata ne, Marta. Ita ta dasa shi shekarar da suka yi aure. Inabin ci ne, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa shiga ganga ba, yara ke cinyewa. Shekara uku da rasuwarta, kuma tun daga nan ba wanda yake taɓa shi sai shi. Ni ma bai bar ni ba." Ta ɗan tsaya. "Ya ce ka yanka."

Na ce a'a, wannan ya fi ƙarfina. Tsohon ya kama hannuna ya ɗora a kan reshe, ya sa yatsana a kan wani ɗan ƙulli. Wannan shi ne ido, daga nan sabon reshe ke fita, kuma sabon reshe ne kaɗai ke yin 'ya'ya. A ƙirga ido biyu daga gindi, a yanke abin da ya wuce. Na yi bisimilla na datsa. Na biyu, na uku, hannuna ya fara sakewa. Kun san halina, da na ga na iya sai kai ya fara kumbura, na ƙara sauri. Ban ankara ba na sa almakashi a wani tsohon reshe mai kauri, na danna da hannu biyu, ƙarshen hannun hagun itacen ya faɗo ƙasa, tsawon kamu uku. Baba Anton ya runtse ido kamar shi na yanka. Katrin ta rufe baki.

Na rasa inda zan sa kaina, ina ta ba da haƙuri da Hausa da Turanci. Ya sunkuya ya ɗauki reshen, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wani abu gajere, ya nuna mini reshe na gaba.

"Ya ce mahaifiyata ma ta taɓa yin haka. Ya ce ka ci gaba, amma ka riƙa ƙirgawa."

Na gama itacen nan hawaye na zuba, na ce sanyi ne.

A ranar na nuna masa hotunan inabin Inna a waya, na ba shi labarin Baba da Yaya da wa'adin damina. Ya tambaya yaushe itacen yake zubar da ganye, na ce bai taɓa ba. Ya tambayi yadda ake ba shi ruwa, na ce sau biyar a rana. Ya kama kai. Ya ce itacen da bai taɓa barci ba, kuma bai taɓa jin ƙishirwa ba, ganye kawai zai yi ta yi. Su sanyi ke yi musu wannan aiki kyauta. Amma ya ce shi bai san ƙasar zafi ba, ba zai yi mini ƙarya ba. Katrin, wadda ta huce tun a bayan gida, ta kira wani abokin karatunta da ya yi aikin inabi a Indiya. Abokin ya ce a hana itacen ruwa mako uku, a tsige ganyen duka da hannu, a yi aski, sannan a ba shi ruwa ya ƙoshi. Amma a irin namu na ƙasar zafi a bar ido da ɗan yawa a rassan da suka sha rana. Na rubuta komai a bayan tikitina.

Ranar tafiya Baba Anton ya sa mini almakashin nan mai jan hannu a jaka da kansa. Na bar masa sauran yajin.

Na iso Karare ana zafin farko. Na gaida Inna, na ba ta tsarabar bargo, na zauna a gabanta na faɗa mata duk abin da za a yi. Ta saurara har na gama.

"Watau ka tahi har ƙasar Turawa, abin da ka koyo shi ne a hana ma itacen ubanka ruwa, a yi mashi tsirara, a sare shi. Da gatarin wancan da almakashinka, mi ya raba su?"

Na ce, "Inna, nashi na kashewa ne, nawa na tayarwa ne, in Allah ya so."

"In Allah bai so ba fa?"

Sai na ba ta labarin Marta, da yadda mijinta ya miƙa mini itacenta, da ɓarnar da na yi masa. Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "Shi da ba ɗanshi ba ya ba ka. Tahi ka yi."

Askin bai ba ta wahala kamar ƙishirwar ba. Mako uku tana ɗaukar butarta tana zagawa bayan ɗaki ta yi alwala, don kada ko ɗigo ya kai gindinsa. Ganye ya fara yaushi, ita ma ta rage cin abinci. Ranar da muka tsige ganyen na yi askin, ɗaki ta shiga ta sakaya ƙofa. Rassan da na fitar sun cika amalanke. Tsakar gida ta zama fili fetal a tsakiyar bazara, tsohuwa ta rasa inuwar da ta saba zama shekara da shekaru. Maƙwabta suna leƙowa suna salati. Yaya ya zo ya duba ya ce, "Ai ka rage mani aiki." Kwana goma sha ɗaya ina zuwa daga Batsari kullum da safe in duba idanun nan, ba abin da ya motsa. Inna tana amsa gaisuwata, amma ba ta kallona.

Rana ta goma sha biyu na tarar da ita tsaye a ƙarƙashin rumfa tana shafa reshe da yatsa, don idonta ya yi rauni. Idanun sun fashe, kore-kore. Bayan mako biyu, a jikin sababbin rassan, wasu 'yan abubuwa suka fito masu kama da ƙananan kan gero. Na ƙirga bakwai. Yaya ya zo ya tsaya ya daɗe, bai ce mini sannu ba, amma washegari na ga ana kwashe garken awaki, a can ya sa harsashin ɗakinsa.

Tsuntsaye suka ci biyu, ɗaya ya ruɓe da ruwan farko. Huɗu suka nuna. Ranar da na yanko na farko na wanke na sa a kwano na kai mata, gida duka ya taru, har baƙinmu na Safana. Ta ɗauki nonon inabin ta juya shi a hannu, ta mayar cikin kwano.

"Auta, na tsohon nan fa? Wanda ka ɓata. Ya yi?"

Na ce ban sani ba, kunya ta hana ni tambaya.

"To tambaya. Ba ni cin nawa, na matar mutane na can ka kashe."

Na aika wa Katrin saƙo a gabanta. Kwano yana ajiye, yara suna haɗiyar yawu, ba wanda ya isa ya taɓa. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Ni dai na san addu'ar da na yi a sujada. Dab da magariba waya ta yi ƙara. Hoto ne: bangon bayan gida ya rufe da ganye, 'ya'ya kore ƙanana suna reto, kuma daga daidai inda na yi ɓarnar wani sabon reshe ya fito an ɗaure shi da zare. Baba Anton yana tsaye a gefe da hularsa. Na kai wayar kusa da idon Inna, ta daɗe tana dubawa, ta ce Allah ya saka wa bawan nan da alheri, Allah ya shirye shi.

Sannan ta yi bisimilla, ta tsinki ƙwaya ɗaya ta sa a baki. Fuskarta ta yamutse, ta runtse ido.

"Da tsami," in ji ta. Ta share ido da bakin mayafi, ta miƙo hannu. "Ƙaro mani."